Ƙugun Ondina na Hagu

Evaristo Zulueta magini ne, amma ba ya ɗora bango. Aikinsa shimfiɗa tayil a daɓen gidaje. A birnin Matanzas na ƙasar Kuba aka haife shi, a unguwar La Marina, kuma a nan ya tsufa. Dogo ne, baƙi, mara yawan magana, mai tsabtar tufafi. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa idan ya gama ɗaki yakan durƙusa ya bi daɓen da tafin hannunsa na dama, ido a rufe, kuma duk inda ya ce ya ɗan sauka, in an kawo ma'auni sai a tarar ya sauka ɗin. Da wannan hannun ya ci abinci, kuma da shi ya yi laifin da ya fi damunsa a duniya.

Tun yana saurayi yake rawar danson. A wancan zamani ƙungiyar ma'aikatan unguwa tana da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar mangwaro a gefe, kuma kowace Lahadi bayan an taso daga coci an ci abinci, makaɗa kan zauna a inuwa, maza su zo da fararen riguna, mata da mafitai. Shi da kansa ya shimfiɗa tayil ɗin wurin, fari da kore. A nan ya haɗu da Ondina Baró, wadda ke aiki a masaƙar igiya, gajeruwa mai kaifin harshe. A rawarsu ta farko ta ce masa, "Kai dogo, rawa ka zo yi ko auna ni ka zo yi?" Bai sami amsa ba, sai ya aure ta.

Allah bai ba su haihuwa ba. Sun riƙe 'yar ƙanwarsa, Yusimí, har ta girma ta tafi ƙasashen waje neman abin kanta. Bayan tafiyarta gidan ya koma na mutum biyu da rediyo. Abin da suke jira duk mako shi ne yammacin Lahadi.

Rawar tasu ba ta hayaniya ba ce. Namiji yakan sa hannun dama a bayan mace, ɗan sama da ƙugu, su tsaya kusa da juna, takunsu ƙanana har ana yabon gwani da cewa zai iya gama waƙa a kan tayil guda. Ƙugu kuwa ba a kaɗa shi. Evaristo yakan ce gwiwa ce mai aiki: ka taka da gwiwa a lanƙwashe, ka bar nauyin jiki ya biyo a hankali, gwiwar ta miƙe, sai ƙugu ya tafi da kansa kamar kwalekwalen da aka ɗaure a bakin kogi. Kafaɗu kuma su zauna shiru, yadda ko kofin gahawa aka ɗora ba zai zube ba. A tsakiyar waƙa akwai wurin da kowa ke tsayawa: mace ta buɗe mafici ta yi fifita, namiji ya goge goshi da hankici, a gaisa da na kusa, sannan kiɗa ya dawo a ci gaba. Haka suka yi har gashinsu ya yi fari.

Wata Lahadi cikin azumin Kirista da ke gaban bikin Ista, hannun Evaristo ya ji wani abu. Ƙugun Ondina na dama ya je inda ya saba zuwa a kan lokaci, na hagu kuwa ya makara. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, ba wanda zai gani, amma tafin hannun da ya yi shekaru a wannan bayan ya ji ta sarai, kamar yadda yake jin tayil ɗin da bai zauna ba. Ya dubi fuskarta. Tana kallon makaɗa, leɓenta a matse.

Bai ce komai ba. Ya rage tsawon takunsa, ya riƙa ɗan jiranta a hagu, ya daina juya ta ta wannan gefen. Waƙa ta ƙare lafiya, aka tafa musu.

A hanyar gida ya shirya tambayar a bakinsa. Sai ya tuna da abokinsa Nicanor, mai sayar da kifi. Matar Nicanor ma da ciwon ƙugu ta fara. Aka kai ta asibiti, likita ya ce ta daina rawa, daga nan ta zauna, daga zama ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Tun daga lokacin Nicanor yana zuwa tsakar gidan ƙungiya ne kawai ya zauna a benci ya yi wa masu rawa tsiya. Evaristo ya ga kansa a kan wannan bencin. Ya haɗiye tambayar, ya ce wa zuciyarsa wataƙila sanyin ƙashi ne, zai wuce.

Bai wuce ba. A gida ya ga alamu iri-iri. Ondina ta fara zama kafin ta sa takalmi. Idan tana tsintar baƙin wake takan jingina da tebur. Ɗakin kwana ya riƙa warin man zafi. Duk lokacin da ta dafa bango za ta haye dokin ƙofa, sai Evaristo ya sami abin murɗawa a jikin rediyo. Ranar Lahadi kuwa yakan goge mata takalmi da kansa, ya miƙa mata mafici, ya ce, "Tsohuwa, yi sauri, za su fara ba mu." Ita kuma ta ce, "To ango, ina zuwa, kada ka haihu a tsaye."

Cikin wannan hali Yusimí ta dawo. Ta yi shekaru tana rawar gasa a manyan ɗakunan Turai, inda alƙalai ke zama da takardu suna ba da maki. Ta dawo da dogayen takalma da niyyar koyar da 'yan unguwa, aka ba ta tsakar gidan ƙungiya kowace Asabar da safe. Ranar farko tsofaffi suka zo kallo. Ta nuna musu rawar rumba irin ta gasa: ƙafa a miƙe sak kafin ta taɓa ƙasa, gwiwa a kulle, yatsu a tsinke, ƙugu ya fita waje har na bayan ɗaki ya gani.

Nicanor ya ce daga benci, "'Yar nan, rawa ce wannan ko kare kike shurewa?"

"Baba Nicanor, alƙali yana can nesa, in ban kai masa ƙugun ba yaya zai gani?"

"Mu a zamaninmu mutum ɗaya ake yi wa ƙugu, kuma yana kusa."

"Shi ya sa ba ku taɓa cin kofi ba."

"Mun ci mata dai," in ji shi, tsofaffi suka fashe da dariya.

Yusimí ba mai raina na gida ba ce. Ta ce wa ɗalibanta dole su san iri biyun, na waje da na gado, su kuma san inda suka rabu: can ana miƙe gwiwa a tura ƙugu da gangan, nan ana lanƙwasa gwiwa a bar ƙugu ya zo da kansa. Sai ta juya ta ce, "Kawu, Iya, ku taimake ni. Ku nuna musu na gaske."

Aka sa faifai. Evaristo ya sa hannu a bayan matarsa suka fara. Yusimí tana zagaya su, ido a kan ƙugun Ondina, ido irin na wadda ta yi shekaru a gaban madubi. Can ta ɗaga hannu.

"Ku duba! Ku matso ku duba hagu. Dama tana tafiya tare da kiɗa, hagu kuwa sai ta ɗan jira, kamar tana jan rai, sannan ta sauka. Kun gani? Na zagaya ƙasashe ban ga mai koyar da wannan ba. Kawu, me ake kiransa? Tun dā haka ake yi?"

Kiɗa na tafiya. Ondina ta ɗago ido ta dubi mijinta. Matasa sun kewaye su, baki a buɗe, suna kallonsa kamar wani babban malami, shi da ya yi rayuwarsa a durƙushe cikin siminti. Maganar gaskiya tana bakinsa, gajeruwa ce ƙwarai.

Ya ce, "Haka muka tarar ana yi."

Ya ji bayan Ondina ya ɗan sandare a ƙarƙashin hannunsa, sannan ya saki.

Daga ranar aka shiga koyon jinkirin hagu. Kowace Asabar sai an kira Iya Ondina ta nuna, a ce ta maimaita, a ce ta sake, 'yan mata suna bayanta suna kwaikwayo. Takan yi, gumi na bin wuyanta, tana yi musu faɗa: "Ke mai jan siket, ba jaka ba ce kike ɗauke da ita, sauke kafaɗar nan." In an tashi sai ta ce wa Evaristo su ɗan zauna tukuna ta sha iska, su zauna har wurin ya watse, don kada a ga yadda take tafiya. Shi kuma yakan saya mata ruwan rake mai sanyi a hanya, kullum, kamar mai biyan wani abu.

Labari ya bazu cewa a La Marina akwai tsofaffi masu tsohon salo. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni. Evaristo, wanda bai taɓa yin jawabi ba, ya sami kansa yana bayani a kan jinkirin hagu, har yana ƙara masa ƙa'idoji. Yana jin daɗin yadda ake saurarensa, kuma wannan daɗin ya fi komai ƙona shi in ya koma gida ya ji warin man zafi. Sau ɗaya ya je coci ranar da ake ikirarin zunubi, ya bi layi har ya kusa kaiwa ga fada, limamin cocin, sai ya juya, domin bai san sunan da zai ba abin ba. Bai doki Ondina ba, bai zage ta ba, bai nemi wata ba. Rawa kawai yake yi da matarsa, yana yi mata daidai.

Nicanor ne ya tare shi wata rana a bakin kogi, yana fere kifi.

"Malamin rawa, an ce yanzu har almara kake koyarwa."

"Bar ni, mai warin teku."

"Wannan salon naku na hagu, ni ma na san shi." Nicanor bai ɗago ba. "A gidana aka fara yin shi. Marigayiya ta yi shi wata da watanni."

Nicanor ya juya kifin ya ci gaba da fira, yana magana.

"Ni jaki ne, ban gane ba sai da ta faɗi a kasuwa. Kai kuwa ba jaki ba ne, mutumina. Hannunka ya fi idona."

"Bikin danson ya kusa. Yusimí ta sa sunanmu, yara sun yi ta shiri. In an gama zan kai ta asibiti."

"In an gama," in ji Nicanor, ya jefa kan kifi cikin ruwa. "To, Allah ya kai mu."

Ranar bikin aka yi wa tsakar gidan ado da ganyen kwakwa. Makaɗa na gaske suka zo da sarewa da goge da ganguna. Rana ta ɗan karkata, inuwar mangwaro ta rufe rabin daɓen. Ondina ta sa rigarta mai ruwan ƙwai, wadda ta ɗinka da hannunta. Aka sa su a tsakiya, ɗaliban Yusimí suka kewaye su bibbiyu.

Kashin farko ya tafi daidai. Evaristo yana ɗauke da rabin nauyinta a hannunsa, ba wanda ya sani. Aka zo wurin tsayawa. Ondina ta buɗe mafici, ya ga gumi ya jiƙe mata goshi sharkaf. Ya ciro hankici, maimakon goshinsa sai ya goge nata. Ta harare shi.

Sarewa ta dawo. Ya sa hannu a bayanta ya ba ta alamar tafiya. Dama ta tafi. Ya jira hagu, ya ƙara jira, hagu ba ta zo ba. Ƙafar tana nan a kan koren tayil kamar an dasa ta. A kewaye da su matasa suna juyawa cikin fararen kaya, kowace yarinya tana jan ƙugun hagu a hankali, da kyau, da yanga, suna yin ciwon matarsa a gabansa, mutane na tafi.

Ondina ta ce ƙasa-ƙasa, "Ja ni, tsoho. In ka ja ni zan bi."

Ya san gaskiya ne. In ya ja ta za ta bi, kamar yadda ta bi shi duk watannin nan. Ya sauke hannunsa na hagu, ya zagaya ta da na dama sosai.

"Mu je mu zauna."

"Kiɗa bai ƙare ba. Kada ka kunyata ni a gaban jama'a."

"Ya ƙare, Ondina."

Ya bi da ita ta tsakanin masu rawa, a hankali, tana ɗingishi a fili yanzu, kowa na gani. Nicanor ya riga ya matsa ya bar musu wuri a benci. Yusimí ta taho da gudu a kan dogayen takalmanta.

"Kawu, lafiya? Iya, jiri ne?"

Evaristo ya ce, da muryar da na kusa duka suka ji, "Ba salo ba ne, 'yata. Ba wanda muka tarar yana yi. Ciwo ne a ƙugunta. Na sani tun azumin bara, na yi miki ƙarya."

Yusimí ta dubi ɗalibanta, waɗanda har yanzu suna jan hagu, ta toshe baki da hannu biyu.

Washegari suka je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, mace ce mai tabarau, ta daɗe tana kallon hoton, ta ce gaɓar ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ta ce da an zo da wuri da an lallaba shi da hutu da magani ya ƙara mata shekaru. Yanzu sai aiki, kuma zuciyar Ondina ba lallai ta ɗauki aiki ba. Ta tambaya tun yaushe ake jin ciwon.

Ondina ta ce, "Kwanan nan ne, likita."

Evaristo ya ce, "Ya fi shekara. Kuma rawa take yi a kansa, ni nake kai ta."

Likitar ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce a nemo sanda.

A gida ya dafa shinkafa da wake, ya soya agade ya ƙona rabi. Suka ci hakanan. Da ta ture kwano sai ya ce, "Ki yafe mini. Na sani tun ranar farko."

"Kana tsammani ban san ka sani ba? Mutumin da ya tsufa yana juya ni hagu da dama, rana ɗaya ya manta hanyar hagu? Ni ba tayil ba ce, Evaristo, ina ji."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ni ma ina son Lahadin. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai son ta." Ta juya cokali a hannunta. "Amma na yi ta jira ka tambaya. Ko sau ɗaya. Ka ce, tsohuwa, ina ke miki ciwo? Da na ce maka ba komai, da mun ci gaba da rawarmu. Amma da ka tambaya."

Ta ajiye cokalin. Ya kwashe kwanuka.

Ba a yi aikin ba. Ondina ta koma tafiya da sanda, daga baya da sanda biyu. Evaristo ya ciro tsofaffin kayan aikinsa, ya fasa dokin ƙofar kowane ɗaki a gidan, ya sake shimfiɗa daɓen ya zama bai ɗaya tun daga bakin titi har bayan gida, yadda sanda ba za ta sami abin kamawa ba. Ya bi shi da tafin hannu sau da yawa. Maƙwabta suka ce ba su taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba, shi kuwa ba ya son a yaba.

Yusimí ta yi iya ƙoƙarinta ta cire jinkirin daga ƙafafun ɗalibanta. Ta tara su ta gaya musu gaskiya, har da kuka. Suka ce sun ji, amma jiki ya riga ya saba, kuma wasunsu suka ce ai yana da kyau. Su ma suka koya wa na bayansu. Yau in ka ga mai rawar danson tana ɗan jan ƙugun hagu kafin ta sauke, ba sai ka tambayi unguwarsu ba.

Evaristo bai sake rawa ba, ko da yake Ondina ta sha tura shi. "Je ka ɗauki waccan bazawarar, tun ɗazu take lanƙwasa maka wuya." Sai ya ce gwiwarsa ce ke damunsa, ita kuma ta ce maƙaryaci bai tuba ba. Kowace Lahadi yakan kawo ta a hankali, su zauna a benci kusa da Nicanor, su uku. In an zo wurin tsayawa takan buɗe maficinta tare da sauran mata, shi kuma ya miƙe tsaye ya ciro hankici, domin wannan kashin na rawar bai fi ƙarfinsu ba.

Wata Lahadi wata yarinya da ba ta san ko su waye ba ta wuce ta gabansu da saurayinta, tana jan hagu da yanga, har tana lumshe ido. Ondina ta bi ta da kallo, ta taɓa mijinta da kan mafici.

"Ba ta iya ba. Ta cika gaggawa. Sai ta ji zafin tukuna za ta san inda ake jira."

Nicanor ya yi dariya har da tari. Evaristo ya sunkuyar da kai yana kallon tayil ɗin da ya shimfiɗa, fari da kore, bai ɗago ba sai da waƙar ta ƙare.